Fyaɗe a Labaran Almara: Labari Yake Yi wa Aiki, ko Idon Mai Kallo?

Duk wanda ya saba karanta labaran almara na zamani, ko kallon shirye-shiryen da aka ciro daga cikinsu, ya san cewa yana da wuya a yi nisa ba a ci karo da wurin da aka keta haddin wata mace ba. Wasu masu karatu na ganin hakan jarunta ce daga marubuci, domin ya ƙi ɓoye munin da ke cikin yaƙi da mulki. Wasu kuma na ganin an mai da azabar mata kayan yajin da ake barbaɗawa don kasuwa ta yi kyau. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan tasowa idan aka buɗe wannan magana.

Wane irin labari ake nufi da labarin almara a nan?

Ana nufin ƙagaggen labarin da marubuci ya gina wa duniyarsa ta kansa, da sarakunanta da taswirarta da dokokinta, inda sihiri ke aiki, dodanni ke tashi sama, matattu kuma kan dawo. Wannan ma'ana tana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya, domin a irin wannan labari babu abin da ya zo bisa tilas. Marubucin da ya ƙirƙiro rana biyu a sama shi ne kuma ya yanke shawarar abin da zai sami matar da sojoji suka tarar a gida.

Yaushe wannan muhawara ta yi zafi?

Ta daɗe ana yin ta a tsakanin masu karatu, amma ta fito fili sosai a zamanin shirin Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2019, aka kuma ciro shi daga littattafan George R. R. Martin da na farkonsu ya fito a 1996. A 2015, a zango na biyar, an nuna yadda aka yi wa Sansa Stark, ɗaya daga cikin manyan matan labarin, fyaɗe a daren aurenta, abin da bai same ta ba a cikin littattafan, domin a can wata yarinya ce daban abin ya faɗa wa. Sanata Claire McCaskill ta Amurka ta bayyana a fili cewa ta daina kallon shirin, kafar intanet ta The Mary Sue mai sharhi kan fina-finai da littattafai kuma ta sanar da cewa ta daina tallata shi. Abin da ya fi ɓata wa mutane da yawa rai shi ne yadda aka rufe wurin: kyamara ta tsaya a kan fuskar wani namiji da aka tilasta wa kallo yana kuka, kamar dai ciwon nasa ne.

Ai marubuta na cewa gaskiyar tarihi suke nunawa. Ba su da hujja ne?

Suna da rabin hujja, kuma rabin nan ba ƙarami ba ne. Martin kansa ya kare aikinsa da cewa fyaɗe ya kasance cikin yaƙe-yaƙen ɗan Adam tun fil azal, kuma labarin yaƙin da ya share shi ya yi ƙarya. Babu mai musun tushen wannan magana. A 1998 kotun ƙasa da ƙasa da ta saurari laifukan kisan ƙare dangi na Ruwanda ta yanke hukunci a shari'ar wani tsohon magajin gari mai suna Akayesu cewa fyaɗe na iya zama wani ɓangare na kisan ƙare dangi. A 2008 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1820, wanda ya ɗauki cin zarafin mata a matsayin dabarar yaƙi, sannan a 2018 aka ba likita Denis Mukwege na Kwango da Nadia Murad ta Iraƙi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya saboda yaƙin da suka yi da wannan ta'asa. Marubucin da ya rubuta yadda aka ci gari da yaƙi, ya kuma nuna cewa mata sun kwana lafiya, ya san ya rufe ido a kan wani abu.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne wajen zaɓi. Tarihin da ake jingina da shi cike yake da abubuwan da marubutan nan ba su cika damuwa da su ba. Cutar atuni ta kashe sojoji bila adadin a sansanonin yaƙin Turai, har ana danganta mutuwar Sarki Henry na Biyar na Ingila a 1422 da ita, amma da wuya ka ga jarumin almara ya ƙare rayuwarsa a tsugune bayan tanti. Haƙoran jarumai farare ne tas, fatar gimbiyoyi ba ta san zanzanar agana ba, kuma babu wanda ya ce an ci amanar tarihi. Idan aka bar duk waɗannan aka riƙe fyaɗe shi kaɗai da hannu biyu, mai karatu yana da ikon tambayar dalili, tunda ruwa ba ya tsami banza.

Haka kuma, tarihin da kansa bai yi daidai da hoton da ake zana masa ba. A Ingila, ƙasar da yaƙe-yaƙen gidajen sarautarta na ƙarni na 15 suka ba Martin abin koyi, dokar Westminster ta 1285 ta sanya fyaɗe cikin manyan laifuka, dokokin yaƙin da Sarki Richard na Biyu ya kafa wa rundunarsa a 1385 kuma sun tanadi rataya ga sojan da ya tilasta wa mace. Ba a cika aiwatar da irin waɗannan dokoki yadda ya kamata ba, amma samuwarsu ta nuna cewa mutanen wancan zamani sun san abin laifi ne. Shi kuwa zancen da ake yawan cusawa cikin labarai, wai mai sarauta yana da haƙƙin kwana da kowace amarya a darenta na farko, masana tarihi ba su sami shaidar da ta tabbatar da cewa ya taɓa zama doka a Turai ba. Sau da yawa abin da ake kira tarihi, almara ce wani ya gada daga wata almarar.

To ta yaya mai karatu zai gane ko wurin yana yi wa labari aiki ne?

Babu ma'auni guda da ba ya kuskure, amma akwai tambayar da ta fi kowace amfani: da idon wa ake kallon abin, kuma wa labarin ya bi bayan an gama?

A ɗauki misali. An ci wani gari da yaƙi, sojoji sun shiga gidan wata masaƙiya. Marubuci na farko ya tsaya a ɗakin shafi huɗu, yana siffanta yagewar tufafi da surar jikinta da kalmomin da zai yi amfani da su a daren soyayya, sannan a babi na gaba ɗan'uwanta ya zare takobi ya rantse zai ɗauki fansa, daga nan kuma ba a sake jin sunanta ba sai lokacin da yake buƙatar dalilin sare kan wani. Marubuci na biyu ya rufe ƙofa a jimla ɗaya, ya buɗe ta da asuba. Matar tana zaune a gaban masaƙarta, zaren da ta saba ƙullawa ko da ido a rufe ya kuɓuce mata sau uku. Maƙwabciyarta ta shigo, ta dube ta, ta kau da kai, ta fara zancen rijiyar da sojoji suka ɓata. Bayan wata shida, a wani babi da ke maganar wani abu daban, ƙarar sakatar ƙofa ta sa ta miƙe zumbur, ɗanta ƙarami kuma ya riga ya koyi yin gyaran murya kafin ya shigo ɗaki, ba tare da kowa ya koya masa ba.

Na biyun bai nuna komai ba, amma mai karatu zai daɗe bai manta ba. Na farkon ya nuna komai, kuma abin da ya saura a zuciyar mai karatu shi ne jikin matar da takobin ɗan'uwanta. Akwai gwaji mai sauƙi da editoci kan yi: a cire wurin gaba ɗaya, a sake karanta littafin. Idan babu abin da ya canza a halin matar, ko a dangantakarta da mutane, ko a inda labarin ya dosa, to wurin bai ɗauki nauyin komai ba, ado ne aka rataya. Wannan gwaji ma yana da iyaka, domin marubuci na iya ɗaura dukan labarinsa a kan fyaɗe kuma ya rubuta shi da idon mai sha'awa. Shi ya sa tambayar ido ta fi tambayar amfani nauyi.

Idan manufar ita ce a nuna cewa mugu mugu ne fa?

Wannan ce hanya mafi arha, kuma ita ce aka fi bi. Marubuci yana son mai karatu ya tsani wani sarki cikin shafi biyu, sai ya miƙa masa baiwa marar suna. Abin yana aiki, kamar yadda ihu ke jawo hankali, amma yana da illa biyu. Ta farko, matar ta zama kayan aiki, an halicce ta don a lalata ta. Ta biyu, wadda ba a cika lura da ita ba, ita ce an koya wa mai karatu cewa mai fyaɗe dodo ne da ake ganewa daga nesa, mai jajayen idanu da dariyar ƙeta, alhali a zahiri yawancin waɗanda abin ya shafa sun san wanda ya cuce su, wani lokaci ma suna cin abinci a kwano ɗaya da shi. Labarin da ke taƙama da faɗin gaskiya mai ɗaci ya kamata ya iya fuskantar wannan gaskiyar, wadda ta fi ta dodo ɗaci.

Dabarar cutar da mace don a motsa namiji har suna ta samu. A 1999 marubuciya Gail Simone ta tattara jerin matan da aka kashe ko aka nakasa ko aka yi wa fyaɗe a littattafan zane na jarumai, ta sa wa jerin suna daga wani labari na 1994 inda jarumi ya dawo gida ya tarar an kashe budurwarsa an cusa gawarta cikin firji. Tun daga lokacin, masu sharhi kan ce an saka mace a firji idan aka sadaukar da ita don jarumi ya sami abin fushi.

Wasu labaran na nuna cewa matar ta ƙara ƙarfi bayan abin da ya same ta. Wannan ba girmamawa ba ce?

A sama kamar girmamawa ce, a ƙasa kuwa akwai ƙaya. Gaskiya ne mutane na tsira daga mummunan abu su sake gina rayuwarsu, kuma labarin da ya nuna haka ya yi adalci. Matsalar tana zuwa ne idan aka tsara labarin ta yadda fyaɗen ne ya zama makarantar da ta mai da yarinya sarauniya, har a ji kamar ya kamata ta gode wa wanda ya cuce ta. A zangon ƙarshe na shirin da aka ambata, a 2019, an sa wa Sansa magana a baki mai nuna cewa ba don mutanen da suka azabtar da ita ba, da ta ci gaba da zama 'yar tsuntsuwa marar wayo, 'yar wasa Jessica Chastain kuma ta fito ta soki wannan tunani a bainar jama'a. Jaruman maza a irin waɗannan labarai kan sami ƙarfinsu ta hanyar horo da tafiya da malami da faɗuwa a fagen fama. Idan mace ba ta da wata ƙofar zama gwarzuwa sai wannan, to talaucin tunanin marubuci ne ya bayyana.

Ana kashe dubban mutane a labaran nan babu mai ƙorafi. Me ya sa fyaɗe ya zama daban?

Tambayar tana da kyau, kuma bai dace a amsa ta da fushi ba. Dalili na farko lissafi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata a rayuwarta, galibi daga hannun miji ko wanda take tare da shi. Babu mai karatun da dodo ya taɓa ƙona wa gari, kaɗan ne kuma suka taɓa ganin an sare kai da takobi, amma a cikin kowane taron masu karatu akwai waɗanda wannan shafi ba almara ba ne a wurinsu.

Dalili na biyu shi ne yadda jama'a ke karɓar abin. Wanda aka kashe, ba a tambayarsa abin da ya sa a jikinsa ko abin da ya kai shi wurin, ba a kuma cewa wataƙila ya so. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa ana yi mata duk waɗannan tambayoyi, saboda haka labarin da ya nuna mace ta fara da ƙi ta ƙare da so yana ƙara wa wata tsohuwar ƙarya ƙarfi, ƙaryar da ake ji har a ɗakunan shari'a. Na uku, ba a cika ɗaukar hoton kisa ta yadda zai tayar da sha'awa ba, amma ana yi wa fyaɗe haka, da haske mai laushi da jikin da aka zaɓa don kyansa.

Tsofaffin labaran duniya ma ai cike suke da wannan. Su ma za a tuhume su?

Cike suke da shi, kuma a cikinsu akwai darasi ga marubutan yau. Mawaƙin Rumawa Ovid, kimanin shekara 2000 da suka wuce, ya ba da labarin Filomela, wadda mijin yayarta ya yi wa fyaɗe sannan ya yanke mata harshe don kada ta faɗa, sai ta saƙa abin da ya faru a jikin zane ta aika wa 'yar'uwarta. Abin da ya raya wannan labari har yau shi ne harshen da aka yanke da zanen da ya yi magana, wato yunƙurin rufe bakin wadda aka zalunta da hanyar da ta bi ta ƙi yin shiru. Haka ma Dare Dubu da Ɗaya: an gina shi a kan sarkin da ke auren budurwa kowane dare ya kashe ta da safe, amma muryar da ke riƙe da littafin ta Shaharzad ce, amaryar da ke ba sarkin labari kowane dare, kuma da bakinta ta tsayar da takobin. A wasu tatsuniyoyin Girkawa kuwa, inda allolinsu ke farautar 'yan mata ana ba da labarin kamar wasa, masu karatu na yau suna da damar ganin munin da masu ba da labarin ba su gani ba. Tsufan labari ba ya wanke shi.

Idan jarumin labarin ne da kansa ya aikata fa?

An taɓa gwada wannan. A littafin farko na jerin da Stephen R. Donaldson ya fara a 1977, jarumin, wanda ya ɗauka duniyar da ya tsinci kansa a ciki mafarki ce, ya yi wa yarinyar da ta taimake shi fyaɗe tun a farkon labari, sakamakon abin kuma ya bi ta, ya bi iyayenta, ya bi 'yar da aka haifa, har cikin littattafan da suka biyo baya. Masu karatu da yawa sun ajiye littafin a wannan shafi ba su sake ɗauka ba, kuma ba su yi laifi ba. Waɗanda suka ci gaba sun rabu biyu: wasu na cewa ba a taɓa barin jarumin ya manta ba, wasu na cewa duk da haka nadamarsa ce aka sa a tsakiya, rayuwar da ya rusa kuma tana gefe. Dukansu sun karanta littafin daidai.

Maza fa? Ba a yi musu?

Ana yi musu, a yaƙi da kurkuku da cikin gida, kuma ƙarancin hakan a labaran da ke da'awar bin tarihi yana daga cikin abubuwan da ke tona asirin da'awar. Idan aka nuna shi ma, sau da yawa a kan mai da shi abin dariya, ko hukuncin da mugu ya cancanta, wanda hakan wata cutar ce ga mazan da abin ya shafa, waɗanda kunya ta riga ta ɗaure musu baki.

Akwai bambanci tsakanin littafi da fim a wannan batu?

Akwai, kuma babba ne. Littafi na iya shiga cikin kan mutum, ya zauna da tsoronta da ruɗewarta, ya tsallake abin da ya ga dama da jimla ɗaya. Kyamara kuwa daga waje take kallo, dole ta tsaya a wani wuri, kuma duk inda ta tsaya ta zaɓar wa mai kallo abin da zai gani. Sannan a fim akwai mutum mai rai da zai tuɓe a gaban ma'aikata, a maimaita ɗauka sau da yawa. Saboda haka ne a 2018 HBO ta fara sanya ƙwararrun masu kula da irin waɗannan wurare a shirye-shiryenta, waɗanda aikinsu shi ne a yi yarjejeniya da 'yan wasa a kan kowane motsi kafin a kunna kyamara. Akwai kuma matsin kasuwa, domin tashar da ke neman masu biyan kuɗin kallo ta san abin da ke sa a yi ta zancen shiri washegari.

Ke nan marubuta su daina taɓa batun?

A'a. Haramta batun zai fi cutar da waɗanda aka ce ana karewa, domin da yawa daga cikin rubuce-rubuce mafi ƙarfi a kan fyaɗe waɗanda suka tsira daga gare shi ne suka yi su, almara kuma takan ba su nisan da suke buƙata, su faɗi da bakin wata gimbiya a wata duniya abin da ba za su iya faɗa da sunansu ba. Abin da ake nema daga marubuci shi ne ya san nauyin abin da ya ɗauka. Ya tambayi kansa ko akwai wata hanyar da za ta kai labarin inda yake so, ko matar tana da suna da buri da rayuwa kafin wannan shafi, ko kuma yana shirye ya zauna da ita a babi goma masu zuwa. Wanda ba shi da haƙurin bin sakamakon, gara ya bar abin tun farko.

Gargaɗin da ake sakawa a farkon littafi ko shiri yana da amfani?

Ya danganta da abin da ake so ya yi. Wani nazari da aka wallafa a 2023, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa gargaɗi ba ya rage damuwar da mutum ke ji idan ya karanta abin, yana ma ƙara fargaba kafin a kai wurin. Masu goyon bayan gargaɗi na amsawa da cewa ba magani suke nema ba, sanarwa suke nema, irin wadda ke ba mutum damar zaɓar ranar da zai karanta ko ya bari gaba ɗaya. Layi ɗaya a bayan bango bai rage wa littafi komai ba. Sai dai gargaɗi ba ya gyara wurin da aka rubuta da mugun ido.

Wanda ya ji daɗin irin waɗannan littattafai, ya yi laifi ne?

Jin daɗin littafi mai ɗauke da mummunan abu ba amincewa da abin ba ne, kuma mutane sun daɗe suna neman labaran da ke tsorata su ko sa su kuka. Mutum na iya son makircin sarauta da faɗin duniyar da aka gina da kaifin zance, ya kuma ce wannan babi kam an yi kasala ko an yi ciniki da shi. Masu karatu da yawa kan tsallake shafukan, su ci gaba daga inda gari ya waye, kuma idan suka tarar ba su rasa komai na labarin ba, sun riga sun yi gwajin editan nan da kansu, sun kuma sami amsarsu game da wannan littafin.